Wa'azi a kan Kisan Ungulu

Ya ku jama'a, ku saurara. Sa'ad da ina almajiri a Funtuwa, ungulaye ba su rabuwa da mahauta. Yau daga nan har Malumfashi da wuya ka ga guda. Ana kashe su, ana sayar da kawunansu domin tsafi, wannan kuwa shirka ce. Ku sani, Allah ya sanya ruwa mai tsananin tsami a cikin ungulu, shi ke kashe ƙwayoyin cutar mushe. Ku dubi Indiya: wani maganin shanu, diklofenak, ya kusa ƙarar da su, karnuka suka yawaita bisa mushe, haukan kare ya ƙaru. Sai a 2006 aka hana ba dabbobi shi. Ku bar ungulu ta yi aikinta. Allah ya shirye mu, amin.