Mai shan maganin sida, duba jikinka

Zancenmu na yau na mutanen Badagishiri ne, da na Illela, Malbaza da Ƙonni, musamman masu zuwa likita karɓar maganin sida.

Tun shekarar 2004 ake ba da wannan magani kyauta a Nijar, kuma masu shan sa suna nomansu, suna cin kasuwarsu. Sai dai ƙwayar sida tana raunana garkuwar jiki, shi ya sa waɗansu irin ciwon daji suka fi kama mai ɗauke da ita.

Malam, duba ƙafarka. In ka ga baƙin tabo ko mai jaja-jaja, ba zafi, ba ƙaiƙayi, yana ta ƙaruwa, ko ka ga irinsa a dasashi, kada ka ce sammu ne. Likitoci suna kiran sa Kaposi. In an kama shi yana ƙarami, sau da yawa maganin sida kaɗai yakan sa ya ja baya. Haka nan kaluluwar wuya ko ta hammata da ta yi makonni ba ta sace ba. Tana iya zama tarin fuka, tana iya zama daji, ido ba ya rarrabewa. Sai an ɗebi ɗan nama an duba a na'ura. Kada a kai wa wanzami ya tsaga.

Ke kuma malama, naki ya fi gaggawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mace mai ƙwayar sida ta fi sauran mata haɗarin dajin bakin mahaifa har sau 6. Daga shekara 25 ki je a duba ki, ko ba ki jin komai, ki koma bayan shekara 3. Ungozoma takan shafa ruwan tsami, wurin da ya fara lalacewa ya yi fari, a ƙone shi tun bai zama daji ba. Jini bayan kwanciya da miji, ko ruwa mai wari, wannan ba ya jiran a gama girbi.

In abin ya fi ƙarfin likitar gari, za a tura ku asibitin Tawa ko na Galmi, wani lokaci har cibiyar yaƙi da ciwon daji ta Yamai, inda ake gashi da na'ura tun 2021. Hanya da nisa, kuɗin mota da na abinci ba wasa ba ne, dangi su taimaka. Ku tafi da katinku da kwalbar maganinku, ku nuna wa likitan can, don akwai magungunan da ba su jituwa. Kuma kada ku tsai da maganin sida ko na kwana ɗaya, sai in shi ya canza muku wani.