Rijiya da Ruwa, Ina Guganmu?

 Gaisuwa ta musamman ga mutanen Barnawa, Narayi, Kakuri, Nasarawa, Sabon Tasha da Unguwar Romi.

Duk mazaunin wannan ƙetaren ya san halin Kogin Kaduna idan Agusta ta raba, Satumba ta kama. Masu gidaje a bakin ruwa da ido ɗaya suke barci. Manyanmu ba su manta da ambaliyar 2003 ba, ga kuma ta 2022 da ta ci rayuka fiye da 600 a faɗin Najeriya. Cushe magudanan ruwa da shara laifinmu ne, amma rikicewar damina ta fi ƙarfin unguwa, domin hayaƙin masana'antun manyan ƙasashe ne ya fi ɗumama duniya.

Shi ya sa a 2009, a birnin Kofanhegan, ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin tara dala biliyan 100 duk shekara domin ƙasashe masu tasowa. A 2010 aka kafa babban asusun yanayi, GCF, mai hedikwata a Koriya ta Kudu. A taron Baku na 2024 aka ɗaga alkawarin zuwa biliyan 300. Kuɗin bai kai girman ɓarnar ba, kuma da yawansa rance ne. Duk da haka, rijiyar da ruwa. To me ya sa bai iso bakin Rafin Romi ba?

Ku matso kusa da akwatin rediyonku, nan ne zancen yake. Asusun GCF ba ya ba da kuɗi don an yi kuka. Sai hukuma ta nemi a tantance ta. Za a buɗe littattafan kuɗinta na shekaru, a ga ko masu bincike na waje sun duba su. Za a tambayi yadda take ba da kwangila, da inda talaka zai kai ƙara idan aiki ya cuce shi, da rabon mata a cikin shirin. Sannan a ce kawo hujja: ruwan sama nawa ake yi a da, nawa ake yi yanzu, gida nawa ruwa ya ci? Ƙasar da ba ta da irin wannan hukuma dole ta bi ta hannun ƙungiyoyin waje, su riƙe ragama, su cire ladan aikinsu.

Kada a ce abin ya gagari Afirka. A 2010, wata cibiyar sa ido kan muhalli a Senegal, CSE, ta zama ta farko a duniya da wani asusun daban, Asusun Jure Sauyin Yanayi, ya amince ta karɓi kuɗi kai tsaye. Ta samo fiye da dala miliyan 8, aka kare gaɓar teku daga zaizaya. Ba dukiya ta ba ta wannan matsayi ba, tsaftar lissafi ce da ƙwararrun ma'aikata.

Mu ma a Najeriya mun ɗaura niyya. An sa hannu kan dokar sauyin yanayi a 2021, kuma a 2024 GCF ya tantance bankin raya ƙasa na DBN. Amma sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Jiha na buƙatar ma'aikatan da suka iya tsara aiki, a horar da su, a bar su a kujerunsu ko da gwamnati ta sauya. Ga kwalejin nazarin muhalli ta Kaduna Poli nan Barnawa. Ɗalibanta za su iya zana taswirar duk lungun da ruwa ke kwanciya.

Ku kuma masu unguwanni, limamai, fastoci, shugabannin mata da matasa, ku buɗe littafi. Ranar da ruwa ya shigo, ku rubuta kwanan wata, inda ya kai a bango, gidajen da ya rusa, ku ɗauki hoto, ku miƙa wa kansila da hukumar agajin gaggawa. Wannan littafin shi ne igiyar guganmu, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

 Allah ya ba mu damina mai albarka.