Ranar da Kantarmu ta tsaya a Lambar Bakura

Waɗanda data ba ta ishe su sauraron murya ba, ga shirin a rubuce kamar yadda muka saba.

Yau maganar mota za mu yi. Na san wani zai ce me ya haɗa ni da gareji. Kuɗina ne a ciki. Bayan na dawo daga bautar ƙasa na zauna ba aiki, mu shida muka haɗa abin da muke da shi muka sayi tsohuwar Kanta, yayana ke tuƙa ta. Aikinta kwasar kayan noman rani daga gonakin Bakolori, wajen Maradun da Bakura, albasa da tumatir da shinkafa, ta kawo kasuwar Talatar Mafara, wani lokaci ta wuce Sakkwato. Gida shida ke cin abinci da motar nan.

Cikin watan Maris, da zafi ya kankama, sai ta fara shan ruwa. Da safe a cika lagireto, kafin azahar ya yi ƙasa, kuma ka duba ƙarƙashinta ba ɗigo ko ɗaya. Salansa na fitar da farin hayaƙi ko bayan inji ya ɗumama. Yaya ya ce mini, "Ƙane, ina jin gasket ne." Ni a lokacin ban ma san inda gasket yake ba.

Bari in faɗa muku yadda na fahimce shi daga baya. Inji hawa biyu ne. Akwai gangar jiki a ƙasa inda fistin ke hawa da sauka, akwai kai a sama, wanda makanikai ke kira tof silinda. Gasket wani siririn faranti ne da ake matsewa a tsakaninsu, kuma shi ne katangar da ta raba maƙwabta uku: wutar da ke ci a cikin silinda, ruwan sanyaya inji, da baƙin mai. In ya ƙone, katanga ta faɗi. Ruwa ya shiga silinda ya fita ta salansa, shi ne farin hayaƙin nan. Iskar ƙonewa ta shiga ruwa, ka ga lagireto na kumfa. In ruwan ya samu baƙin mai, sai ka zaro sandar awon mai ka gan shi kamar shayi mai madara.

Gyaran gaskiya shi ne a sauke kan inji. Kwana biyu ko uku mota na gareji, ga kuɗin gasket, ga kuɗin aiki, ga sabon baƙin mai. Mu kuma muna tsakiyar kakar albasa, lokacin da ake samun lodi kullum. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai na mota ya tashi, duk wanda ke harkar ya sani. Ana cikin haka wani mai kayan gyara ya nuna wa Yaya wata kwalba, ya ce a zuba a lagireto, gasket zai liƙe ba tare da an kwance ko noti ɗaya ba.

Yaya ya kawo mini kwalbar saboda ni ne mai digiri. Na karanta Turancin da ke jiki, na duba intanet, na ga bidiyon Turawa suna yabo, na ce a zuba. Wannan laifin nawa ne, ba na ɗora wa kowa.

Kuma ba zan ce maganin ƙarya ne ba. Da yawa daga cikin irinsu sinadarin sodiyam siliket ne a ciki, wanda ake wa laƙabi da ruwan gilashi, wasu kuma da ƙananan zaruruwa ko garin jan ƙarfe. Yana yawo cikin ruwa, in ya iso wurin da ya tsage inda zafi ya fi yawa, sai ruwan jikinsa ya ƙafe, ya daskare kamar gilashi ya toshe wurin. In tsagar ƙarama ce, kan inji bai lanƙwashe ba, ruwan kuma mai tsabta ne, yana iya riƙewa na wani lokaci. Wani abin da na tsinta daga baya: a 2009 gwamnatin Amurka ta yi wani shiri na karɓar tsofaffin motoci daga hannun mutane, kuma da wannan sinadarin aka riƙa kashe injinansu. A tsiyaye baƙin mai, a zuba shi a gurbinsa, a tayar da mota har inji ya ƙame. Don haka duk wanda ruwa ya riga ya haɗe masa da baƙin mai, ya yi tunani sau biyu kafin ya zuba.

Abin da bidiyon ba su gaya mini ba shi ne, yawancinsu ƙananan motocin fetur ne. Injin gas yana matse iska kusan ninki biyu na injin fetur, don da matsin yake kama wuta, ba shi da fulogi. Abin da zai riƙe a ƙaramar mota mai zuwa ofis daban, abin da zai riƙe a Kanta mai ɗauke da buhunan albasa har sama da bodi cikin zafin Afirilu daban.

Ya yi mana aiki kusan mako uku. Hayaƙi ya ragu, shan ruwa ya ragu, ni kuma ina ta cika baki a majalisa.

Ranar da abin ya faru ina cikin motar, mun yi lodi za mu Sakkwato, mun makara. Muna dab da Lambar Bakura allurar zafi ta haura ja, tururi ya turnuƙe daga ƙarƙashin kujera, don Kanta a kan injin kake zaune. Yaya ya gangara gefe ya kashe. La'asar ta yi sanyi. Ba sai na yi dogon bayani ba, duk ɗan Zamfara ya san abin da ake nufi da mota ta mutu a hanya rana na shirin faɗuwa. Yaron motarmu ya yi wuf zai buɗe murfin lagireto, Yaya ya daka masa tsawa ya fizge hannunsa. Da ya buɗe, da tafasasshen ruwa ya wanke masa fuska. Allah ya taimake mu wani mai tifa ya tsaya, ya ja mu zuwa cikin mutane. Albasa ce, ta jure kwana. Da tumatir ne da wani labarin ake yi.

Washegari aka kai ta wurin wani dattijon bakanike a Mafara, mutumin da ya girmi mahaifinmu. Ya leƙa bakin lagireto, ya sa yatsa ya lakato wani abu fari-fari, ya dube mu.

"Mi kunka zuba mata?"

Na ce, "Baba, maganin gasket ne."

Ya ce, "Kai ne ɗan bokon? To zo ka gani."

Abin da ya nuna mini shi ne dalilin wannan shiri. Gasket ba ya ƙonewa haka kawai, zafi ne ke ƙona shi, mu kuma ba mu taɓa tambayar me ya kawo zafin ba. Ya ɗauko murfin lagireto, robarsa ta mutu, sifirin ya saki. Ashe murfin nan ba don hana zuba kawai aka yi shi ba. Ruwa na tafasa a digiri 100, amma murfi mai lafiya yana riƙe matsi har ruwan ya kai wajen digiri 120 bai tafasa ba. Namu ya daɗe da daina aikin, wasu lokutan ma har da leda ake taya shi.

Sai lagireton kansa. Da aka buɗe shi, siraran bututun da yawa a toshe suke. Tun da muka sayi motar, ruwan da aka samu ake zuba mata, na rijiya, na kanal ɗin Bakolori da laka da komai. Ruwan madatsar da aka gama a 1978 don noman rani, mu muka mayar da shi ruwan inji. Tsatsa da gishirin ƙasa sun riga sun rage hanyar, maganin kwalba ya zo ya ƙarasa toshe sauran. Shi bai san bambancin tsagar gasket da bututun da ya ƙuntata ba. Baba ya ce ya sha ganin masu zuba ƙwai da garin rogo da garin taba, wannan dai ɗan uwansu ne mai tsada.

Tamostat kuwa babu shi ma sam, mai motar na farko ya cire. Wannan al'ada ce a garejinmu, wai na ƙasar sanyi ne. A nan na ɗan saɓa da Baba, don shi ma bai ga laifin cirewar sosai ba. Aikinsa shi ne ya tsare ruwa har inji ya kai zafin aikinsa, a injina da yawa wajen digiri 82, sannan ya buɗe. A wasu injinan kuma shi ke rufe 'yar hanyar da ruwa ke zagayawa ba tare da ya bi ta lagireto ba. Ka cire shi, wani ruwan ya riƙa kewaye lagireton. Na dage aka sa sabo. Fanbel ma ya saki, aka ɗaure.

Da aka sauke kan inji, Baba ya ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kai ya ce in duƙa. Na hango haske ta ƙarƙashi. Kai ya lanƙwashe, sai da aka kai wurin masu injin gogewa aka daidaita fuskarsa. Ko mun sa sabon gasket a haka, da bai daɗe ba. Baba ya ce da mun zo tun ranar farko, mai yiwuwa da gasket da murfi da wankin lagireto sun isa. Wajen ɗaurewa ma na ga abin da ban sani ba: daga tsakiya ake fara ɗaure notin ana fita waje, bi da bi, da sufana mai awo, ba da ƙarfin damtse ba.

In motarka ta fara shan ruwa, akwai gwajin da ba ya cin ko sisi. Da safe inji na sanyi, buɗe murfi, cika ruwa, tayar da ita ka zuba ido. In kumfa na ta tasowa ba tsayawa, ko ka rufe ka ji tiyon sama ya yi tauri tun inji bai ɗumama ba, iskar silinda ce ke shiga. Kuma in ka tashi da safe inji ya ƙi juyawa kamar an riƙe shi, kar ka ce a tura. Wataƙila ruwa ne ya kwana a silinda, ruwa kuwa ba ya matsuwa, sandar fistin ce za ta lanƙwashe.

Zan sake sayen kwalbar? In ina tsakiyar daji, ba bakanike, ina son in isa gari kafin duhu, zan zuba ba tare da na ji kunya ba, washegari in wuce gareji. Amma in yi kaka guda a kanta, a'a.

Kwana tara motar ta yi a gareji, mafi kyawun kwanakin albasa suka wuce mu, sai da biyu daga cikinmu suka ci bashi. Yanzu kulan muke zuba mata, koren ruwan nan na galan, haɗe da ruwa mai tsabta. Masu ajiye shi a gida ku kula, yana da zaƙi kuma guba ne, ku nisanta shi da yara da dabbobi. Baba kuwa har yau in na wuce ta gaban garejinsa sai ya ɗaga murya ya ce, "Ɗan boko, ina kwalba?"