JAWABI A KAN MAƘABARTAR ƊAN MARNA



An ba mu 'yan mintoci mu yi magana a kan tarihin ƙasarmu. Mun ga ya kyautu mu ɗauko shi daga maƙabartar Ɗan Marna a birnin Katsina, wadda yawancinmu mutanen Daura muka sha jin sunanta. Maƙabartar 'yan'uwanmu Musulmi ce, amma tarihin da ke kwance cikinta namu ne duka.

Ta sami sunanta daga Wali Ɗan Marina, malamin ƙarni na 17. A littattafan Larabci ana ce da shi Ibn al-Sabbag, wato ɗan mai rini. Ku dubi wannan abu: manyan ƙasa suna kwance a wurin, amma da sunan ɗan marini ake kiransa har yau.

Mutum uku daga gida ɗaya sun isa su ba mu labarin Nijeriya. Uban, Musa 'Yar'aduwa, Mutawallin Katsina, shi ne Ministan Harkokin Legas a jamhuriya ta farko. Ɗansa Janar Shehu ya zama na biyu ga Obasanjo daga 1976 zuwa 1979, suka miƙa mulki ga farar hula. Da ya nemi soja su sake yin haka a zamanin Abacha, sai aka ɗaure shi. Ya mutu a kurkukun Abakaliki ran 8 ga Disamba, 1997, nesa da iyalinsa, gawa kaɗai aka kawo gida. Matasa, kada ku ɗauka ƙuri'ar da kuke jefawa a banza aka same ta.

Ƙanensa Umaru ya yi mana gwamna daga 1999 zuwa 2007. A zaɓen 2007 kuwa, shi da Muhammadu Buhari na nan Daura suka kara, 'yan jiha ɗaya. Umaru ya hau, ya kuma faɗa da bakinsa cewa zaɓen yana da aibi, abin da ba kasafai mai nasara yakan faɗa ba. Ya rasu yana kan mulki ran 5 ga Mayu, 2010, kashegari aka kai shi Ɗan Marna wurin ubansa da wansa.

Shi Buhari ya sami kujerar a 2015. Ya rasu a Landan, aka binne shi cikin gidansa a nan Daura ran 15 ga Yuli, 2025.