Labarina: Mun Ba da Gari, Ina Amsa?



Mu da muka tashi a Ƙofar Mazugal, a gindin Dala, mun san ƙa'idar kacici-kacici tun muna zaune gaban kakanninmu. In aka ƙulla maka, ka yi ta lalube ka kāsa, sai ka ce ka ba da gari, nan take a warware maka. Da wannan ma'auni muke so mu auna wasan kwaikwayon nan na Labarina, wanda Malam Aminu Saira ya shirya, aka fara nuna shi a tashar Arewa24 cikin shekarar 2020.

Bari mu fara da inda wasan ya yi zarra, watau ginin halayen mutanen cikinsa. Dubi Baba Ɗan Audu, wanda Rabi'u Rikadawa ya fito a matsayinsa. Kafin ya buɗe baki mun san akwai wata a ƙasa, amma duk da haka sai mu ƙosa mu ji ta inda zai ɓullo. Ba a tsaya ana gaya mana mayaudari ne ba. Tafiyarsa, da kallonsa, da yadda yake lanƙwasa harshe in ya hangi kuɗi, su suka faɗa mana. Wane ne a cikinmu bai san irinsa a unguwarsu ba? Mu dai mun san biyu, amma ba ma faɗi suna a nan ba.

Sumayya kuwa, watau ginshiƙin labarin, ba ta sami wannan gata ba. Sau da yawa abubuwa ne ke faɗo mata, ita kuma tana haƙuri da hawaye. Mai kallo yana tausayinta, amma da wuya ya ce ga abin da za ta aikata gobe da ƙashin kanta.

Babban rauni yana wajen tafiyar labarin. Sirrin gida abu ne da ake buɗewa kaɗan kaɗan, kowane mako a ba mai kallo ɗan abin da zai riƙe. To, amma sau nawa muka zauna kusan sa'a guda, aka faɗi magana a falo, aka maimaita ta a mota, sa'an nan aka sake ta a waya, muka tashi ba mu ƙaru da kome ba?

Abin ya ƙara fitowa fili a 2022, lokacin da Nafisa Abdullahi ta bar wasan. Sumayya ta ɓace, labari ya yi ta kewaye gurbinta, har daga baya aka ɗora Fati Washa a matsayin. Ba mu ga laifin kowa ba, sha'anin rayuwa ne. Sai dai a zauren da muke kallo, gardama ta tashi daga tambayar ina Sumayya take, ta koma wace 'yar wasa za a kawo. Daga ranar nan wasu abokanmu suka daina zuwa, sai dai washegari su tare mu a bakin ƙofa su ce, "An gan ta?"