Tsoron Cire Haƙori da Allurar Kwantar da Hankali

  

Yau maganar haƙori za mu yi, amma ta gefen da mutane ke jin nauyin faɗa, wato tsoro. Za ka ga ƙaton namiji, direban tirela, ya saba ratsa hanyar Kwatano zuwa Malanville cikin dare, amma da an ce masa "sai an cire", sai gumi ya karyo masa. Za ka ga uwa ta haifi takwas ba ta yi raki ba, amma ta kwana uku kunci a kumbure, ta ɗaure shi da ɗankwali, ta ƙi zuwa asibiti. Wannan tsoro ba ragwanci ba ne. Wani tun yana yaro aka danne shi aka fizge masa haƙori babu allura. Wani labarin maƙwabci ya ji. Wani kuma an ce masa cire haƙorin sama na makantar da ido. To, wannan na ƙarshe ba gaskiya ba ne. Abin da kan kai ga ido shi ne mugunyar ruɓaɓɓen haƙori da aka bari ta yi ta yaɗuwa.

Kuma ba ku kaɗai ba ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022 ya ce mutane kusan biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki da haƙora a duniya, kimanin miliyan 480 daga cikinsu a yankin Afirka.

Mu fara da abin da tsoro ke jawowa. Babu wata tsutsa a cikin haƙori, ko da wani ya nuna maka ita a cikin ƙwarya. Ƙwayoyin cuta ne ke cin sukarin da ya maƙale, na shayi, na alewa, na lemon kwalba, su fitar da wani tsami mai cinye haƙori har ya yi rami. Ramin ya kai ga jijiya, shi ne ciwon da ke hana barci. Wata rana sai ciwon ya lafa da kansa, mutum ya ce ya warke. A'a, jijiyar ce ta mutu, cutar kuma ta gangara saiwa tana tara mugunya. Ku riƙe waɗannan alamomi: kumburi ya sauka ƙarƙashin haɓa ko ya hau wajen ido, baki ya ƙi buɗuwa, haɗiyar yawu ta gagara, ga zazzaɓi. Wanda ya ga haka kada ya jira gari ya waye, domin kumburin na iya toshe hanyar numfashi. Haƙori guda na kashe mutum, jama'a.

A tsakanin nan, me mai tsoro ke yi? Ya cusa asara a ramin, ko fetur, ko ruwan batir. Ya ɗora ƙwayar asfirin a dasashi ta ƙone masa nama. Kanumfari dai kan kwantar da zafi na ɗan lokaci, amma ba ya toshe rami. Daga ƙarshe ya je wurin mai cirewa na bakin kasuwa, wanda kayan aikinsa daga wannan baki sai wancan baki, a kwaso ciwon hanta a kai gida. An gudu gara an faɗa gidan zago ke nan.

To, mene ne mafita? Matakai ne hawa uku, kuma yawancin mutane ba sa buƙatar kaiwa na uku.

Na farko, buɗe baki ka faɗa. Ka ce, "Likita, ni fa tsoro nake ji." In Faransanci bai zauna maka ba, tafi da wanda zai yi maka tafinta da Hausa, Dendi ko Barganci. Ku yi yarjejeniya: in na ɗaga hannu, a dakata. Nemi a ba ka lokacin safe, kada ka wuni kana saƙe-saƙe.

Na biyu, allurar da ake yi a dasashi mai kashe wurin. Mafi yawa lidocaine ce, maganin da aka haɗa a ƙasar Suwidin a 1943. Cikin 'yan mintoci leɓe ya yi nauyi, wurin ya mutu. Za ka ji ana turawa ana girgizawa, amma zafi mai suka bai kamata ka ji shi ba. In ka ji, faɗa a ƙara. Abu guda: wurin da ya cika da mugunya allura ba ta kama shi sosai, shi ya sa wanda ya daɗe bai zo ba ya fi shan wuya, har wani lokaci sai an fara maganin kumburin.

Na uku shi ne wanda muka zo dominsa, allurar kwantar da hankali ta jijiya. Ana sa ɗan siririn bututu a jijiyar bayan hannu, irin na ƙarin ruwa, a riƙa tura magani kaɗan-kaɗan ana kallon mutum. Wanda aka fi amfani da shi sunansa midazolam. Cikin minti biyu zuwa uku jiki ya saki, fargaba ta kwanta, mutum ya zama kamar mai gyangyaɗi. Ku lura da kyau: ba irin barcin babbar tiyata ba ne. Kana numfashi da kanka, in an ce buɗe baki za ka buɗe. Kuma maganin ba ya kashe zafi, don haka allurar dasashi tana nan, sai dai a lokacin ba ka damu da ita ba. Bayan an gama, da yawa ba sa tuna abin da ya faru, sai su ce, "Af, har an cire?"

Abin sha'awa, likitocin haƙori ne suka buɗe wa duniya wannan ƙofa. A 1844 wani likitan haƙori a Amurka, Horace Wells, ya sa aka cire masa nasa haƙorin bayan ya shaƙi wata iska mai gusar da zafi. Ranar 16 ga Oktoba 1846 kuma William Morton, shi ma likitan haƙori, ya nuna a birnin Boston cewa ana iya yi wa mutum tiyata bai ji ba. Kun ga ashe tsoron haƙori tsohon abu ne, an kuma daɗe ana nema masa magani.

Wa ya dace da allurar ta jijiya? Wanda tsoro ya hana shi zama a kujera sam, wanda amai ke taso masa da an sa masa abu a baki, da wanda aikinsa zai daɗe, kamar haƙorin ƙarshe da ya kwanta cikin ƙashi.

Yanzu ga inda hatsarin yake, ku kasa kunne. Maganin da ke kwantar da hankali yana rage numfashi. In ya yi yawa, numfashi na iya tsayawa mutum bai ko motsa ba. Saboda haka kafin ka miƙa hannu, yi tambayoyi huɗu. Wa zai ba da maganin, ya koyi aikin? Akwai wanda aikinsa kawai ya zuba mini ido yayin da likita ke cikin bakina? Akwai ɗan maƙalen nan na yatsa mai auna iskar jini, da tukunyar oksijin? Akwai flumazenil, maganin da ke warware midazolam? In amsar ɗaya ta zama babu, yi godiya ka tashi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Irin wannan shiri a manyan asibitoci ake nemansa, inda ake tiyata kullum kuma akwai ma'aikatan sa barci. A Parakou akwai babban asibitin koyarwa na Borgou da Alibori, wanda ake kira CHUD, inda ɗaliban likitanci na Jami'ar Parakou, wadda aka kafa a 2001, ke koyon aiki. A Djougou akwai asibitin Ordre de Malte. Ka je tukuna a duba ka, ka tambaya ko ana yi, ka ji kuɗin, domin ya fi na cirewa kawai tsada. Likita ne zai ce ka dace ko ba ka dace ba.

Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Faɗa wa likita in kana da hawan jini, ciwon sukari, asma, sikila, ko kana minshari mai sarƙewa cikin barci. Mace ta faɗa in tana da juna biyu ko tana shayarwa. Tsofaffi kaɗan ake ba su. Zuba magungunan da kake sha a leda ka tafi da su, har da na gargajiya.

Sai ku matasa, 'yan zem, 'yan lodi da direbobi, da ku nake. In kana shan tramadol, ko diazepam, ko giya, faɗa. Likita ba ɗan sanda ba ne. Waɗannan in suka haɗu da allurar, su ne ke danne numfashi. Kuma kada wanda ya haɗiyi ƙwaya a gida wai don ya samu ƙarfin zuciya kafin ya zo. Likita zai auna nasa maganin bai san da naka a ciki ba, kun ga an yi biyu ke nan.

A ranar aikin, bi abin da aka ce maka game da ci da sha. Sau da yawa akan ce a bar abinci awa 6, ruwa awa 2 kafin lokaci. Zo da babban mutum mai hankali da zai mai da kai gida ya zauna da kai. Har awa 24 babu tuƙin mota, babu hawa babur kai kaɗai, babu hura wuta, babu ƙulla ciniki ko sa hannu a takarda, ko da kana jin ka warware. Wanda ya taso daga nesa ya nemi masauki ya kwana. Tsakanin Djougou da Parakou kilomita 130 ne da 'yan kai, Malanville kuwa ta haura 300. Wannan ba tafiyar mai magani a jiki ba ce.

Bayan cirewa, cije audugar kamar rabin awa. Ranar farko kada ka kurkure baki, kada ka yi ta tofar da yawu, kada ka sa harshe ko tsinke a ramin, domin gudan jinin da ya daskare a ciki shi ne murfin rauni. Sha kunu ko koko mai ɗumi-ɗumi, ba mai zafi ba. Sigari, asara da goro a ajiye su 'yan kwanaki. Na san mutanen Djougou da goro sai Allah, tun zamanin da fatake ke ratsa garin da shi daga Gwanja zuwa Kano, amma a yi haƙuri. Washegari sai a fara kurkurewa a hankali da ruwan ɗumi da ɗan gishiri. In jini ya ƙi tsayawa, ko ciwo ya dawo da ƙarfi bayan kwana biyu ko uku, ko kumburi na ƙaruwa, koma asibiti.

Iyaye, don Allah a daina razana yara da cewa "za a kai ka a yi maka allura". Nan tsoron ke tsira. A goge haƙora safe da dare da man goge baki mai fuloraid, asuwaki ma na taimakawa, a rage sukari. Ramin da aka gani da wuri cikewa ake yi, babu ma zancen cirewa.

Wanda ke da haƙorin da yake ta ɗaga wa rana, ya sa wa kansa rana cikin wannan mako. Wanda kuma ya san mai tsoro a gidansu, kada ya yi masa dariya, ya raka shi.

Nan za mu dasa aya. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya ƙara mana da ku. A huta lafiya.