In Kwalekwale Ya Cika, Ka Dakata

Mu mutanen birni ba mu san ruwa ba. Da yawa cikinmu ko iyo ba mu iya ba, amma in Salla ta zo sai a kwashi yara a tafi Tiga shan iska, a hau kwalekwale ana shewa.

Ku tuna abin da ya faru a ƙasar Bagwai ran 30 ga Nuwamba, 2021. Jirgi ya taso daga Badau cike maƙil da 'yan makarantar Islamiyya, za su Maulidi. Ya kife a ruwan Watari. Aƙalla mutum 29 aka tsamo ba rai, galibinsu yara. Lodi ne ya yi yawa.

To, kafin ka sa ƙafa, tambayi matuƙi mutum nawa jirginsa ke ɗauka. In ya cika, dakata, ko da za a kira ka matsoraci. Nemi rigar ruwa, ka ɗaura wa yaro tasa da hannunka. Kowa ya zauna, kada a miƙe, kada a taru gefe guda don kallo. In hadari ya haɗo, ko magariba ta yi, a bar tafiya sai gobe.